Inda Gabas Take Arewa

Lakwaya, ƙasar Gwarzo,
bayan an gama shigar da amfanin gona.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Uwaliya, a Agege ta Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina buɗe wannan takarda da sunan Allah, sannan da gaisuwa mai tarin yawa, irin ta ɗan'uwan da ya daɗe bai sa ƙanwarsa a ido ba. Ina fata za ta same ki lafiya ƙalau, ke da maigidanki Alhaji Jalo, da yara, da duk wanda ke sa hannu a kwanon gidan nan. Yaya ciwon ƙugun da kika yi mini ƙorafinsa da babbar salla? Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka, ya shirya mana zuri'a duk inda suke a bayan ƙasa. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya sa suna cikin rahamarsa. Amin.

Mu nan gida sai godiyar Allah. Uwargidana Asibi tana nan yadda kika san ta, gwiwa na ciwo amma baki lafiya lau. Dawa ta yi kyau bana, har rumbun Baba na bayan gida, wanda ya daɗe bai ga hatsi ba, mun zuba masa. Gyaɗa ce ta ɗan ba mu kunya, ruwa ya ɗauke mata da wuri. Jar saniyar nan da kika matsa mini tun bara in sayar, wai ta tsufa ba ta da sauran amfani, ta haifi 'yar maraƙa kyakkyawa, yaran gida kuma sun sa mata suna Shawarar Gwaggo. Ban hana su ba. Ƙaninmu Lukuman ya zo daga Dugabau ranar Juma'a, ya ƙara ƙiba, ya ce a gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani da kowa ke da waya a aljihu. Dalili shi ne rannan da muka yi magana, ke kika yi ta faɗa, ni ina cewa to, to, kafin in kai ga buɗe bakina layin ya tsinke, na sake kira kika ce kina kan girki. Takarda kuwa ba ta tsinkewa, kuma ba ki da yadda za ki katse ta. Na kuma zaɓi in aiko ta a hannun Maikuɗi direban shanu, ba don babu wani mai zuwa Legas ba, sai don shi ne ya kai miki rabin labari, don haka shi ya kamata ya ɗauki sauran rabin ya kai.

Ga abin da ke gabanmu. Badi'a, 'yarki ta fari, matar ɗana Zayyad, tana da tsohon ciki a Kanada, haihuwar kuma za ta faɗo a tsakiyar sanyin ƙasar. Haihuwar fari ce. Da a nan take, da tuni an ɗauko ta ta zo gida goyon ciki, ta haihu a gabanki, ta yi wankanta a ɗakinki. Hakan bai yiwu ba, likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai yaran suka nema miki biza, Allah ya sa ta fito. Yanzu kuma kin ce ba za ki ba, saboda Maikuɗi ya zo ya gaya miki wai ya ji da kunnensa daga bakin Yaya Datti, wato ni, cewa Zayyad da matarsa sun bar gabas, arewa suke fuskanta in za su yi salla, har ma sun juya tsohon shi ma. Kin ce ba za ki taka gidan da aka sake wa addini hanya ba. To, Uwaliya, Maikuɗi bai yi ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne ina tsakiyar ba da labarin a majalisarmu ta ƙofar masallaci aka zo aka ce masa an gama lodin shanu, ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi. Ki gyara zama ki ji yadda aka yi.

Kin san na je musu ziyara a ƙarshen damina. Garin da suke, Edmonton, yana can yammacin ƙasar, ta sama. Na sauka a gajiye, kaina na juyawa, ban san gaba ba ban san baya ba. Zayyad ya kai ni ɗakin da suka gyara mini, darduma a shimfiɗe, muka yi salla tare, ni na ja shi, ban tambayi komai ba. Shi kuma aikinsa a can wajen rijiyoyin mai yake, nesa da gari, in ya tafi sai ya yi kwanaki kafin ya dawo. Washegari muna idar da asuba ya ɗauki jaka ya tafi, ya bar ni da Badi'a. Ina zaune ina lazimi gari ya waye, rana ta ɓullo. Ina ɗaga kai sai na ga ta tagar hannun damana take shigowa. Na dubi rana, na dubi darduma. Na ce a raina, ikon Allah, yaran nan sun yi karatu har sun zo ƙarshen duniya, amma ba su san gabas ba. Ni da na yi shekaru ina koya wa yaran firamare gabas da yamma, kudu da arewa, ɗan cikina ya sa ni na bai wa arewa goshi. Ban yi wa kowa magana ba, don kada in kunyata su. Na tashi na juya darduma ta dubi taga.

Da hantsi na fita tsakar gida shan shayi, Badi'a ta shiga ta share ɗakin. Da azahar na shiga, sai na tarar darduma ta koma yadda take. Na ce wajen shara ne ta gusa. Na juya ta. Washegari haka. Wanshekare haka. Kullum ta shiga shara, darduma ta dubi arewa. Kullum na shiga salla, darduma ta dubi taga. Ta kawo mini abinci ta durƙusa ta ce Kawu ga abinci, in ce Allah ya yi miki albarka, mu rabu lafiya, babu wanda ya ambaci darduma. Ni ina ganin yarinya ce ba ta sani ba, ina rufa mata asiri. Ita kuma ashe tana ganin tsoho ne bai sani ba, tana rufa mini nawa. Dardumar nan ta sha juyi a makon nan fiye da waina a tanda.

Ranar Juma'a na shirya da wuri. Badi'a ta ce in jira ta kira mini tasi, ni kuwa kin san ni da jira, na fita ƙofar gida. Sai ga maƙwabcinsu yana share ganye, dattijo mai farin gemu har ƙirji, da rawani shuɗi an naɗa shi tsaf. Na ce Alhamdu lillahi, ga limamin unguwa. Na ƙarasa na rangaɗa masa sallama, har da Allah gafarta Malam, na riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya yi dariya har gemun na rawa. Da ɗan Turancina na tsohon malamin makaranta muka fahimci juna. Ya ce shi ba Musulmi ba ne, asalinsa mutumin Indiya ne, addininsu daban, Sik ake ce musu, rawanin ma na addininsu ne. Amma ya ce ya san masallaci, kuma tun da ni baƙon maƙwabcinsa ne, ba zan hau tasi yana tsaye ba. Ya ajiye tsintsiya ya tayar da mota ya kai ni har ƙofar masallaci. Wannan ma ki riƙe shi: ba kowane rawani ba ne na Malam, amma mutumin kirki ne, in kin gan shi ki gaishe shi.

Na shiga masallaci, Uwaliya, na ga abin da ban taɓa gani ba sai a aikin Hajji. Ga Larabawa, ga 'yan Somaliya dogaye, ga mutanen Pakistan, ga Yarabawa, ga Turawa jajaye da gemunsu, kowa da irin hularsa. Aka tayar da salla. A ƙasar nan rana ba ta hawa tsakar ka, ta kudu take raɓewa ta wuce. To, muna tsaye a sahu sai na lura hasken ta bayanmu yake shigowa, inuwar kowa na kwance a gabansa. Wato masallaci guda, da liman da ladan da kowa, arewa muka dosa, an ɗan karkata dama kaɗan, daidai inda dardumar Badi'a ke duba. Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne irin abin da ya zo naki: na ce shi ke nan, garin ne gaba ɗaya ya ɓata. Sai kuma wata zuciyar ta ce, Datti, duk wannan jama'a sun ɓata, kai kaɗai ɗan Lakwaya ne a kan hanya?

Da aka sallame ina neman takalmina ina ta gunaguni da Hausa, sai na ji an ce mini sannu da zuwa Baba, daga wane gari. Wani mutumin Damagaram ne, Alhaji Baƙo, ya daɗe a can, sunansa ya bi shi. Na ja shi gefe na gaya masa damuwata a hankali kamar mai tona asirin gari. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce in kwantar da hankalina, babu dattijon Bahaushen da ya taɓa sauka garin nan bai juya darduma ba, har akwai wanda ya so ya gyara wa liman. Sannan ya tambaye ni ko na je Madina. Na ce na je. Ya ce to, a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina na fuskanta? Nan take na tuna. Kudu ne, Uwaliya. Ke ma kin je, shekarar da kuka tafi da Alhaji Jalo. Kudu kika duba a Madina kwana da kwanaki, kina kuka kina addu'a, ba ki ce an sake addini ba. A Harami kuwa da'ira aka yi, wani na duban yamma, wani arewa, kowa Ka'aba ce a gabansa. Alhaji Baƙo ya ce mu Hausawa ne muka sa wa alƙibla suna gabas, saboda nan Allah ya ajiye mu, har muke cewa wane ba ya duban gabas in muna nufin ba ya salla. Sunan ya zauna mana a baki har muka manta cewa Ɗakin ake nufi, ba fitowar rana ba.

Da Zayyad ya dawo ya ƙara mini bayani da lemo da zare. Ya ɗiga alama a nan ya ce ga Makka, ya ɗiga a can sama ya ce ga mu, ya ja zare tsakaninsu, sai ga hanya mafi kusa ta bi ta kan lemon, ta wajen arewa. Na ce na gani, ya ba ni lemona in sha. Sallolin da na yi wa taga kuwa na rama su, don zuciyata ta kwanta.

Amma ba nan nake so ki tsaya ba. Ranar Juma'ar nan da na koma gida na tarar an sake juya darduma, na bar ta yadda take. Da Badi'a ta kawo abinci na ce mata, 'yar nan, ashe kin san arewa ce alƙiblar garin nan, kika bar ni mako guda ina gaida taga, me ya hana ki faɗa mini? Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana wasa da bakin mayafi. Can ta ce wai ita ta ɗauka santsin ƙasan ɗakin ne ke juya dardumar, shi ya sa take gyarawa. Kin ji 'yarki. Ta gwammace ta ɗora wa daɓen ɗaki laifi da ta ce Kawu ka yi kuskure. Na yi dariya har na ƙware, ita kuma ta tashi da gudu ta shige kicin. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu bari in gaya miki abin da za ki tarar, tun da na riga ki, don na san ba alƙibla kaɗai ke cin ranki ba. Jirgi kike tsoro, da sanyi, da baƙin wuri. Tafiyar da tsawo, ba zan rage miki ba. Za ki sauka a wata ƙasa ki sake jirgi, wataƙila ki kuma sakewa bayan kin shiga Kanada. Ki sa Zayyad ya nema miki keken da ake tura marasa ƙarfi tun daga Legas. Kada ki ce ke ba gurguwa ba ce. Ni ma haka na ce da farko, na yi ta tafiya a filin jirgin nan kamar daga Lakwaya zuwa Kutama, ina neman ƙofa. A dawowa na hau keke, aka tura ni kamar hakimi, aka wuce da ni kowane layi. Maganinki na hawan jini ki bar shi a kwalinsa, ki haɗa da takardar likita, ki sa a jakar hannu, kada ki juye shi a ƙullin leda yadda kika saba. Lambar wayar Zayyad da adireshin gidan su kasance a jikinki a rubuce. Ki kuma tabbata sun yi miki inshorar lafiya kafin ki tashi, don asibitin can ba ya wasa da baƙo.

Batun tsaraba, ki saurare ni da kyau. Kada ki ɗauki nama ko wane iri, ba kilishi, ba dambu, ba soyayyen naman salla. Suna da karnuka masu shinshina jaka, kuma kare bai san uwar maijego ba. Ni kilishin da Asibi ta cusa mini a cikin hula ba da sanina ba, a can na bar shi, ina ji ina gani. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ki ɗaure kowanne daban inda za a iya buɗewa. In sun tambaye ki ko kina ɗauke da abinci, ki ce e, ki buɗe musu komai. Abin da suka bari naki ne, abin da suka karɓa ki yafe. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce babu, su duba su ga akwai. Kuma kada ki karɓi saƙon kowa. Da zan tafi, wata mata a Kabo ta aiko mini da ƙullin garin kunu in miƙa wa ɗanta a Toronto, wai tun da duk Kanada ce. Da na isa na tambaya, sai aka ce tsakanin garin nan da Toronto ya fi zuwa Legas da dawowa daga nan, har da ƙari, agogonsu ma ba ɗaya ba ne. Ƙasa ce da ba ta da iyaka a ido. Mu muka sha kunun, na dawo na ba ta haƙuri.

Sanyi kuwa, ni bakinsa kawai na gani, don dusar ƙanƙara ta fara zuba kafin in taho, amma bakin ma ya ishe ni labari. Kin san in kin buɗe firjin mai sayar da ƙanƙara kin sa hannu? To, ki ɗauka cikinsa kika shiga aka rufe. Sai dai ga abin da ba a gaya wa mutum: cikin gida ɗumi ne kamar ɗakin da aka kwana da wuta, mota ma haka, kanti haka, masallaci haka. Sanyin na tsakanin ƙofa da ƙofa ne. Dabarar ita ce a jera kaya, wani kan wani. Ki sa dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin zane, babu mai gani, babu mai kai labari Agege. Sannan riga, sannan rigar sanyi, sannan babbar da za su ba ki, da safar hannu, da hula a ƙarƙashin hijabi don kunne. Silifas ki bar shi a ɗaki. In kin fita kan ƙanƙara ki yi tafiyar agwagwa, ƙafa a buɗe, taku gajere, hannu a waje ba cikin aljihu ba. Ni na yi tafiyar malamin makaranta sau ɗaya, sai ga ni zaune a ƙasa ina kallon sama, dattijo mai rawani ne ya ɗaga ni. Ki tafi da man kaɗanya mai yawa, don iskar gidajensu na busar da fata. In kin taɓa marfin ƙofa kika ji ya ja ki kamar wutar lantarki, kada ki yi ta'awwuzi da ƙarfi ki tsorata mai ciki, bushewar iska ce, ba mutanen ɓoye ba.

Lokacin da za ki je yini gajere ne ƙwarai. Rana ba ta fitowa sai hantsin nan namu, kuma kafin ki gama gyangyaɗin bayan azahar la'asar ta shiga, kina idarwa magariba na ƙwanƙwasa ƙofa. Ba za ki ji kiran salla daga waje ba, wayar Badi'a ce ladan. Ki bi ta, kada ki bi rana, don ni na bi rana kin ga inda ta kai ni.

Sai batun jego, wanda shi ne aikinki. Na san ki da turaren wuta. Uwaliya, kada ki hura gawayi a cikin gidan nan ko sau ɗaya. Gida ne a rufe ruf, hayaƙin gawayi na kashe mutum yana barci. Kuma akwai wani abu a manne a rufin kowane ɗaki, fari, kamar murfin kwano, in ya ji hayaƙi sai ya kama ihu, unguwa ta taru. Badi'a na da kasko mai aiki da lantarki, ki tambaye ta inda ake kunna shi. Ruwan zafi a famfo yake dare da rana, babu faskare, babu tukunya. Amma a cikin bahon wanka kaɗai ake zubar da ruwa, don ƙasan banɗakinsu katako ne a ƙarƙashi, in kika yi facaka da buta irin ta gida, ɗakin ƙasa zai zubo. Ganyen darbejiya babu shi, ba zan yi miki ƙarya ba. Kunun kanwa da zafin ruwan wanka, ki bar unguwarzomar asibiti ta faɗi nata ki saurara, ko a nan ma likitoci sun fara cewa a rage. Sauran kuwa, gasa jiki da ɗaurin ciki da riƙon jariri da sanin kukan yunwa daga kukan ciwo, da zama kusa da yarinya in hankalinta ya tashi, wannan babu asibitin da ke bayarwa.

Mutanen ƙasar kuma ba abin tsoro ba ne. Iri-iri ne, daga ko'ina a duniya, har da 'yan asalin ƙasar da suke nan tun kafin zuwan Turawa. Ba mai kallon hijabinki, a kantin da ake sayen naman halal ma za ki ga masu irinsa da yawa. Sai dai gaisuwarsu gajeruwa ce. In mutum ya yi miki murmushi ya ce yaya kike, ba so yake ki gaya masa batun ƙugu ba, kafin ki kai ga ina gajiya ya sha kwana. Kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Ba a shiga gidan maƙwabci sai an sanar, ba a ɗaukar ɗan wani a yi masa wasa sai da izinin uwarsa, layi kuma ana bin sa ko da mutum ya haifi kowa a wurin. Akwai matan Hausawa da ke haɗuwa a gidan Alhaji Baƙo lokaci-lokaci, matarsa ta ce in kin zo ita za ta zo ta ɗauke ki.

To, na dawo kan abin da na ce ki riƙe. Kin ce mini a waya, ai yarinyar ba ta ce ki zo ba, Zayyad ne ke ta azarɓaɓi, ita ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce Umma ina son ki zo ba. Uwaliya, yarinyar da ta yi mako guda tana juya darduma don kada ta ce wa kawunta ya yi kuskure, ita kike jira ta ce miki tana jin tsoro? Ke kika rene ta a haka. Ke da har yau ba ki iya faɗin sunanta, sai dai ki ce matar Zayyad, ko waccan ta wajenku, saboda kunyar 'yar fari. Ke kina kunya, ita tana kunya, haihuwa kuma ba ta san kunya ba, ranarta za ta zo, wataƙila Zayyad na can wajen aiki, ƙanƙara ta rufe ƙofa. Lokacin da kika zo gida haihuwar ita Badi'ar, Inna ce ta tsaya a kanki, ni kuma na faskara itacen wankanki har hannuna ya yi kanta, ban manta ba. Wancan karon 'ya ce ta zo gida. Wannan karon 'ya ba ta iya zuwa, sai gida ya tashi ya je.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba ta ce ki zo ba. A cikin faɗan da kika yi mini rannan, ke da bakinki kika ce wai yarinyar nan ta rasa abin tambaya sai lambar takalminki, ko me za ta yi da ita oho. Ni na san abin da za ta yi da ita. Ranar da suka kai ni kanti sayen takalmin ƙanƙara, na gan ta a ɓangaren mata ta ɗauki wani baƙi mai gashi a ciki, ta daɗe tana juya shi, sannan ta zo ta tambaye ni a hankali wai ko ƙafar Umma ta kai ta Inna Asibi girma. Na ce ban sani ba, rabona da duban ƙafarki tun kina yawo ba takalmi. Shekaranjiya Zayyad ya turo wa Asibi hoto a waya. Takalmin nan yana ajiye a bakin ƙofarsu, a jere da nasu, sabo, ba a taɓa sa shi ba, bakinsa na duban cikin gida. Zayyad ya ce kullum in Badi'a ta yi shara sai ta ɗaga shi ta goge ƙarƙashinsa ta mayar. Ita haka take magana. Ni sai da na yi mako kafin in ji, ke uwarta ce, bai kamata ki kai haka ba.

Ki gaida Alhaji Jalo da kyau, ki ce masa na san zai iya da tuwon 'yarku Bushira na 'yan watanni, in ya rame ni zan biya. Ki gaida Bushira da Mahbub da sauran yara, da maƙwabtanku mutanen Gwarzo da ke nan Agege. Asibi na gaishe ki, ta ce yajin jego ta riga ta daka, yana cikin kayan da Maikuɗi zai ba ki tare da takardar nan, kuma ta rantse wannan karon ba ta cusa kilishi a ko'ina ba, amma ki duba. Lukuman da iyalinsa na gaisuwa. Maikuɗi kuma ki ba shi abinci, kada ki yi masa faɗa da yawa, na riga na yi masa, kuma na sa shi ya zauna ya ji labarin har ƙarshe kafin in ba shi takardar.

Allah ya sauki Badi'a lafiya, ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke da labarin da ya fi nawa. Dardumar nan na bar ta a can, a ɗakin da za ki sauka, a shimfiɗe. In kin shiga kika ga rana ta ɓullo ta hannun damanki, kada ki taɓa dardumar. Ki tsaya inda ta duba, ki yi wa yayanki addu'a.

Wassalam. Ni ne naki har kullum,
Yayanki, Malam Datti, Lakwaya.